Tumbin Paris: kasuwar da aka tayar da ramin da ya biyo baya

A cikin majami'ar Saint-Eustache da ke tsakiyar birnin Paris, can wata kusurwa, akwai wani sassaƙe mai launi-launi na Raymond Mason, ɗan asalin Ingila da ya yi zamansa a Faransa. Babu waliyyi ko mala'ika a cikinsa. Ƴan dako ne da mata masu sayar da kayan miya, kowa rungume da kabeji ko damin ganye ko akwatin lemu, sun yi jerin gwano kamar masu rakiyar gawa. Sunan aikin yana ɗauke da kwanan wata, 28 ga Fabrairu 1969, lokacin da kayan lambu suka bar tsakiyar birnin. Wanda ya fito daga majami'ar a yau zai tarar da lambu mai faɗin kadada huɗu, da wata ƙatuwar rumfa ta ƙarfe da gilashi, a ƙarƙashinta kuma kantuna hawa-hawa da tashar jiragen ƙasa. Tsakanin wancan sassaƙe da wannan rumfa akwai shekara 47, da shugabannin ƙasa da magadan gari da suka yi ta ja-in-ja, da kuɗin da ba su ƙirguwa, duk a kan fili guda wanda tun asali na jama'a ne.

Kasuwar Les Halles tsohuwa ce. Tun wajen 1137 ake cin ta a wannan wuri, kuma a 1183 sarki Philippe Auguste ya gina mata rumfuna biyu masu rufi. Siffar da duniya ta san ta da ita kuwa ta zo ne a zamanin Napoléon na Uku, sa'ad da aka ba mai zanen gini Victor Baltard aikin sabunta ta. Zaurensa na farko na dutse ne, mai nauyi kamar kurkuku, har mutanen gari suka yi masa laƙabi da sansanin soja. Sarki bai so shi ba, Baltard ya koma ga ƙarfe da gilashi. Daga shekarun 1850 zuwa farkon 1870 aka tsai da zaure goma, aka ƙara biyu a 1936. Kowane zaure da irin hajarsa, kifi daban, nama daban, kaji da ƙwai daban, akwai ɗakunan ajiya a ƙarƙashi, akwai tituna masu rufi a tsakani, iska da haske suna shiga ta sama. Gini ne wanda bai tilasta wa kowa komai ba: rufi ne da ginshiƙai, sauran aiki na masu kasuwa ne.

Duk ɗalibin da ya karanta Le Ventre de Paris, littafin da Émile Zola ya fitar a 1873, ya san wannan wuri ko da bai taɓa taka Faransa ba. Florent, wanda ya tsero daga ɗaurin Cayenne, ya shigo birnin da dare a kan amalanken wata mai kayan lambu, yunwa na cinsa, yana kwance bisa tulin abinci. Zola bai yi wa kasuwar ado ba. Ya nuna wari da tsegumi da hassada, ya nuna yadda masu ƙoshi suka haɗa baki suka tona asirin mai rama har aka sake kore shi. Wannan ya kamata a tuna, domin masu kukan rashin Les Halles sukan mai da ita aljanna. Abin da littafin ya tabbatar, wanda kuma ya fi muhimmanci ga mai tsara gari, shi ne kasuwar tana ciyar da unguwa gaba ɗaya: ƴan dako, masu gidajen abinci da ke dafa miyar albasa da asuba, masu gyaran amalanke, tsofaffin da ke tsintar abin da ya zube. Rumfuna goma sha biyu ake gani, amma dubban gidaje ne ke rataye a jikinsu.

Adalci ya wajabta a ce tayar da kasuwar yana da hujja. Zuwa shekarun 1950 birnin da kewayensa sun ninka yawan da Baltard ya yi wa lissafi. Jirgin ƙasa ba ya kai kaya har cikin kasuwar, saboda haka manyan motoci ke toshe tsakiyar gari tun dare har hantsi, ga ɓeraye, ga shara. Aka gina sabuwar kasuwar sari a Rungis, kilomita bakwai kudu da birnin, aka buɗe ta ranar 3 ga Maris 1969 bayan wata ƙaura ta ƴan kwanaki da aka yi da motocin ɗaukar kaya kusan 1,500. Masu nama sun bi sahu a 1973. Rungis tana aiki har yau, kuma ba a jin mai hankali yana neman a dawo da sarin kifi gindin Saint-Eustache. Matsalar ta fara ne daga tambaya ta biyu: to filin da aka bari fa?

Amsar farko jama'a ne suka ba da ita ba tare da an tambaye su ba. Shekara biyu, daga 1969 zuwa 1971, zaurukan da suka zama kango sun cika da masu wasan kwaikwayo da makaɗa da masu baje kolin zane da ƴan wasan dabo. A 1970 Luca Ronconi ya kawo wasansa na Orlando Furioso daga Italiya, ƴan kallo suna tsaye suna kaucewa dawakan katako da ake turowa a tsakaninsu. Wato gine-ginen amfanin jama'a da hukuma za ta kashe shekaru tana zanawa a takarda sun riga sun samu, a tsaye, an biya kuɗinsu tun ƙarni guda da ya wuce. An yi koke, an yi zanga-zanga, wani attajiri Ba'amurke ya nemi ya saye su. A watan Agusta 1971, lokacin da mutanen Paris suka watse hutu, aka sa musu motocin rusau. Zaure ɗaya tak aka kwance aka sake ɗaurawa a Nogent-sur-Marne, wani ɓangare na wani kuma ya ƙare a Yokohama ta Japan.

Me ya sa aka yi wannan gaggawa? Dalili na zahiri shi ne tashar jiragen RER da ake son haƙawa domin haɗa layukan da ke zuwa daga garuruwan kewaye, kuma haƙa rami a buɗe ya fi sauƙi da arha a kan bi ta ƙarƙashin gini. Akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba. A wancan lokaci Paris ba ta da magajin gari. Tun 1871 perfe ne, wakilin gwamnati, ke riƙe da ita, kuma sai a 1977 aka sake zaɓen magaji. Ashe mutumin da ya sa hannu a kan rusau ba ya tsoron ƙuri'ar kowa a unguwar. Na uku shi ne ruhin zamanin. Shugaba Georges Pompidou ya yi imani cewa birni ne ya kamata ya daidaita kansa da mota. Tun yana firaminista aka shimfiɗa babbar hanyar mota a gaɓar kogin Seine a 1967, hanyar da aka rufe wa motoci a 2016. Wanda ya ɗauki tsakiyar gari a matsayin mahaɗar hanyoyi, tsohuwar rumfa ba ta zame masa komai ba sai tarnaƙi.

An rushe kafin a san abin da za a gina. Wannan shi ne babban laifin shirin, kuma duk sauran kurakuran ƴaƴansa ne. Abin da ya biyo baya rami ne, wawakeke, wanda mutanen Paris suka yi shekaru suna leƙawa ta bayan shinge. Ya yi girman da Marco Ferreri ya ɗauki fim ɗin kaboyi a cikinsa, Touche pas à la femme blanche, wanda ya fito a 1974: Marcello Mastroianni a matsayin janar Custer, sojoji a kan dawaki, ƴan asalin Amurka da aka kora daga ƙasarsu suna zaune a gindin ramin. Barkwanci ne, amma har yau ba a yi wa shirin sukar da ta fi wannan kaifi ba, domin ta faɗi wanda aka kora da wanda ya yi korar. A bakin ramin kuwa manya na ta sauya ra'ayi. An fara da cibiyar kasuwancin duniya. Valéry Giscard d'Estaing ya hau mulki a 1974 ya soke ta, ya ce lambu yake so, ya jawo Ricardo Bofill ɗan Sifaniya. Jacques Chirac ya zama magajin gari a 1977, shekara guda bayan haka ya dakatar da ginin Bofill da ya riga ya fara tashi, aka rushe shi, ya ce shi ne zai zama babban mai zanen wurin. Masu zanen gini da suka fusata suka shirya tasu gasar ta bayan fage, aka aiko musu da zane kusan 600 daga ƙasashe daban-daban, hukuma ba ta dubi ko ɗaya ba. Idan dambu ya yi yawa, an ce, ba ya jin mai.

Tashar ta buɗe a Disamba 1977. Rukunin kantunan Forum, na Claude Vasconi da Georges Pencreac'h, ya biyo a Satumba 1979. Gine-ginen Jean Willerval masu kama da laima sun zo a 1983, sashen Paul Chemetov na ƙarƙashin ƙasa a 1985, lambu a 1986. A takarda babu abin da aka manta. Akwai tafkin iyo, akwai zauren motsa jiki, akwai ɗakin adana finafinan birnin, akwai makarantar kiɗa, akwai wuraren ajiye motoci, akwai ma tituna na musamman da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa domin mota ta ratsa unguwar ba tare da ta ga rana ba. Amma jerin abubuwa daban, yadda aka jera su daban. Mai fitowa daga jirgi dole ya bi ta gaban kantuna kafin ya ga sama, wannan an tabbatar da shi. Mai neman tafkin iyo ko ɗakin finafinai kuwa sai ya yi tambaya, ya bi lungu, ya sake tambaya. Bakunan ramukan mota sun datse titunan da ke kewaye, mai tafiya a ƙasa ya zama baƙo a unguwar da tun kaka da kakanni ta masu tafiya a ƙasa ce. Sashen Chemetov, da manyan ginshiƙansa na kankare, shi kaɗai ne ke da kwarjinin ginin hukuma, shi ma an binne shi.

Abin mamaki, ƴan ɗaruruwan mitoci gabas da nan an yi akasin haka a kan fili irin wannan. Tudun Beaubourg unguwar talakawa ce da aka rushe a shekarun 1930 da sunan tsabta, aka bar ta fiye da shekara talatin tana zaman wurin ajiye motoci, musamman na masu kawo kaya kasuwa. A ƙarshen 1969 Pompidou, shi dai wannan Pompidou, ya yanke shawarar a gina cibiyar al'adu a wurin. Bambancin shi ne a nan an san abin da ake so tun kafin a taɓa ƙasa, aka kuma buɗe gasa ga kowa. Zane 681 aka karɓa a 1971, alƙalai a ƙarƙashin Jean Prouvé suka zaɓi na wasu samari da ba a san su ba, Renzo Piano da Richard Rogers da abokin aikinsu Gianfranco Franchini. An yi ta surutu a kan bututun ja da shuɗi da kore da suka fito da su waje, har wasu suka ce matatar mai ce. Hikimar zanen ba a bututun take ba. Rabin filin kawai suka gina, ɗaya rabin suka bar shi dandali a buɗe, mai ɗan gangare, inda kowa zai zauna ba tare da ya sayi komai ba. A ciki kuma aka sa ɗakin karatu wanda ba ya neman kati ko kuɗi, yana buɗe har ƙarfe goma na dare. Tun daga buɗewarta a ƙarshen Janairu 1977, ɗaliban da ɗakunansu ba su da ɗumi, ciki har da ƴan Afirka da yawa, sun san darajar wannan wuri, sun kuma san tsawon layinsa. Cibiyar ba ta kuɓuta daga laifi ba: an rushe tsofaffin gidaje a gefenta, haya ta yi tsada, talakan unguwar ya matsa. Ginin kansa ya tsufa da wuri, har aka rufe shi a 2025 domin gyaran da aka tsara zai kai 2030. Duk da haka, fili ne na jama'a da ya fita daga hannun motoci ya koma hannun mutane, kuma ana ganin haka da ido.

Akwai wani abu da Les Halles ta yi wanda masu shirin ba su nufa ba. Tashar, wadda ake ƙiyasta mutum 750,000 ke bi ta cikinta kowace rana, ta zama ƙofar Paris ga matasan garuruwan kewaye, ƴaƴan ma'aikata da baƙin haure daga Magrib da Afirka ta Yamma da tsibiran Antilles. Minti ashirin a jirgi, ga su a tsakiyar birnin da iyayensu ke sharewa amma ba sa kwana a cikinsa. Tun shekarun 1980 suka mai da dandalin Forum wurin haɗuwa da rawar hip-hop. Yawancin abin da aka riƙa rubutawa a kan "lalacewar" wurin, idan aka tone shi, ƙorafi ne a kan waɗannan fuskoki. Mai suka na gaskiya dole ya raba biyu: ginin ya yi muni, ya kuma tsufa cikin shekara ashirin, amma cikar da ya yi da waɗannan yara ita ce kaɗai gadon tsohuwar kasuwa da ya rage, wato wurin da mai shi da marar shi ke gogayyar kafaɗa.

Bertrand Delanoë, wanda ya zama magajin gari a 2001, ya ɗauri aniyar gyara ɓarnar. Aka gayyaci gwanaye huɗu: Jean Nouvel, Rem Koolhaas, Winy Maas da David Mangin. A Disamba 2004 aka zaɓi Mangin, wanda shirinsa ya fi sauran sauƙin kai, ya kuma fi ƙarancin taɓa kantuna. Sannan aka raba aikin, aka sake wata gasa a 2007 domin rufin, Patrick Berger da Jacques Anziutti suka ci. Rumfar da suka kira Canopée, tan 7,000 na ƙarfe da gilashi 18,000, Anne Hidalgo ta buɗe ta ranar 5 ga Afrilu 2016. An yi alkawarin ganye mai sauƙi da haske ke ratsawa. Abin da aka samu ya fi kama da murfin tukunya mai launin man shanu, wanda nauyin ƙarfensa ke danne idon mai kallo, kuma ruwan sama na farko ya nuna cewa yana zuba. Baltard, da kayan aikin ƙarni na 19, ya rufe fili da siraran ginshiƙai. Jikokinsa, da kwamfuta da komai, sun kasa kai wa sauƙinsa.

Sai dai ba a nan ya kamata hukunci ya tsaya ba, domin gyaran ya yi abubuwan kirki. An faɗaɗa zauren tashar, an ƙara mata ƙofofin fita. An toshe wasu daga bakunan ramukan mota, mai tafiya a ƙasa ya sami hanya miƙaƙƙiya daga lambun Nelson Mandela zuwa cikin Forum. Makarantar kiɗa da rawa, da ɗakin karatu mai kula da kurame, da ɗakunan atisaye na masu wasa don sha'awa, duk sun fito daga duhu. An kuma buɗe La Place, cibiyar hip-hop, wato hukuma ta amince a ƙarshe da waɗanda suka riƙe wurin shekara talatin. Amma a duba inda aka sa su: a benaye na sama. Daben ƙasa, inda ƙafa ke bi, na kantuna ne. Tsarin 1979 bai sauya ba, an dai juya shi ne, abin da ke ƙasa ya koma sama.

Mai karatu a Yamai ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan irin wannan fili. Babbar kasuwa ta ƙone a 1982, aka sake gina ta a mazauninta, ta buɗe a 1987, tsakiyar gari ta ci gaba da numfashi. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012, masu ita suka watsu, filin ya shafe shekaru a killace. A 2016 kuma an kwashe rumfuna da shaguna na bakin titi da sunan ƙawata birni kafin taron Tarayyar Afirka na 2019. Paris ba madubin Yamai ba ce, arzikinsu ma ba ɗaya ba ne, amma tambayoyin da ake yi wa magajin gari iri ɗaya ne a ko'ina: me za a gina, an sani kafin a rushe? Wa zai sami daben ƙasa? Bayan an gama, filin na wane ne?

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda aka fi yin shiru a kanta a Paris, domin ba ta fitowa a hoto. Kantunan Forum an gina su ne bisa haya mai dogon wa'adi: ƙasa ta gari ce, kamfani yana cin moriya, wa'adi ya cika komai ya dawo hannun gari. A 2010, ana shirin fara aiki, majalisar birnin ta amince a sayar da wurin kacokan ga Unibail-Rodamco da AXA, waɗanda ke riƙe da hayar, a kan Yuro miliyan 238, kimanin sefa miliyar 156. Hukumar birnin ta kawo hujjarta: aikin yana bukatar kuɗi, kuma ba a iya taɓa ginin ba tare da yardar mai haya ba, tunda kantuna da tasha za su ci gaba da aiki ana gini a kansu. Hujja ce mai nauyi, amma tana nuna yadda yarjejeniyar shekarun 1970 ta ɗaure hannun waɗanda suka zo daga baya. Aikin gaba ɗaya ya lashe kusan Yuro miliyar guda, wajen sefa miliyar 650, mafi yawansa daga aljihun jama'a, kuma kantunan da aka sayar su ne suka fi kowa cin ribar sabon rufi da sabbin ƙofofi. Ƙungiyar mazauna unguwar mai suna Accomplir ta yi ta faɗin haka tun ana ciniki. A 2018 kotun binciken kuɗin hukuma ta yankin Île-de-France ta fitar da rahoto wanda ya nuna cewa ma'aunin ya karkata wajen kamfanin.

A 2019 aka sauya wa wurin suna, ya koma Westfield Forum des Halles, da sunan rukunin kantunan da kamfanin ya saya a shekarar da ta gabata. Da an bar tsohuwar hayar ta ƙare da kanta, a 2055 ne ginin zai dawo hannun birnin Paris.